Yadda A Ke Sauya Wa Ƙaramin Allon Lantarki Ƙafafun Magana

Darasin nan na waɗanda su ke aiki da ƙananan allunan lantarkin nan ne da a ke kira Arduino, da ESP32, da Pico. Har wa yau kuma na waɗanda za su fita koyarwa ne, su tarar an ajiye irin allon nan guda ɗaya tak a kabad ɗin makaranta, an ce su nuna wa yara. Allon bai fi tafin hannu ba. A bisansa akwai wani baƙin abu mai ƙafafu da yawa, wanda masu gyaran rediyo su ke ce wa ai-si, mu kuwa za mu kira shi ƙwaƙwalwa. A gefen allon an jera ramuka ko tsinkaye masu lamba, kowanne yana komawa ga ƙafa ɗaya ta ƙwaƙwalwar. An fara yin Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a wata makarantar zane a shekarar 2005, domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba. Yanzu ga shi har ya iso mu, 'yan jami'ar fasaha ta Minna, wadda aka kafa a 1983, suna aikin ƙarshen karatu da shi a Bosso da Gidan Kwano.

To, ga inda wahala ta kan taso. A ce wani mutum a Tudun Fulani yana da tankin ruwa a bisa rijiyar burtsatse, yana so in tanki ya cika allon ya aika masa da saƙo ta wayar hannu, ya zo ya kashe famfo kafin ruwa ya malale gida. Sai ya sayi Arduino Uno, ya sayi wata 'yar na'ura mai cin katin waya, sunanta SIM800L. Da ya duba allon sai ya ga ƙafa ta 0 an rubuta mata RX, ta 1 kuma TX, ita ma na'urar tana da RX da TX, sai ya haɗa su. Daga nan allo ya ƙi karɓar umarni daga kwamfuta. Ya cire, ya mayar, ya sake waya, a banza. Sai ya ce allon ya ƙone, ya tafi ya sayo wani, shi ma haka. Alhali kuwa ba abin da ya sami allunan nan biyu. Baƙo ne aka saukar a ɗakin mai gida.

Kafin mu ga magani, tilas mu san yadda allon ya ke magana. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta Minna ya riga ya san rabin abin. Hanyar jirgin da ta taso daga Baro, a bakin Kwara, ta bi ta Minna ta isa Kano a 1911. Wadda ta fito daga Ikko ta Jebba da Zungeru kuwa a Minna ta zo ta gamu da ita, aka gama su ƙarƙashin hukuma guda a 1912. Hanya ɗaya ce, taragu ba su iya tafiya kafaɗa da kafaɗa, sai ɗaya na bin ɗaya. Haka allon ya ke aika magana ta waya guda. Kowane harafi yana da lambarsa. Babban A lambarsa 65, in aka rubuta ta da sifiri da ɗaya kaɗai ta zama 01000001, watau ɗigo 8. In ba a magana, wayar tana cike da wuta. Sa'ad da za a aika harafi sai a sauke wutar na tsawon ɗigo guda, wannan shi ne kan jirgi, mai shaida cewa ga kaya nan tafe. Sa'an nan ɗigo 8 su biyo, ana farawa daga na hannun dama. Kana a mai da wutar sama na tsawon ɗigo guda, shi ne taragon gadi. Harafi ɗaya ɗigo 10 ke nan.

Ba wata waya ta dabam mai buga lokaci, saboda haka dole mai aikawa da mai karɓa su shirya tun farko ko ɗigo nawa za a aika cikin daƙiƙa guda. Ma'aunin nan sunansa bod, an ɗauko shi daga sunan Émile Baudot, wani Bafaranshe da ya ƙago wata irin na'urar tangarahu a 1874. In aka ce bod 9,600, harafi 960 ke nan cikin daƙiƙa, saƙon waya mai harafi 160 kuwa ba zai ci fiye da sudusin daƙiƙa ba. In aka ce 115,200, harafi 11,520 ne. Wannan lissafi ne mai kyau da za a ba 'yan aji shida. Idan ɗaya yana magana a 9,600 ɗayan yana saurare a 115,200, abin da zai fito sai ka ce kaza ta bi ta kan rubutu.

TX shi ne baki, RX shi ne kunne, haka zan riƙa kiransu daga nan. Bakin wannan ya kan tafi kunnen wancan, bakin wancan ya zo kunnen wannan. Ba a haɗa baki da baki. Akwai waya ta uku da mutane su kan raina, mai alamar GND, watau ƙasa. In ba a gama ƙasar na'urorin biyu ba, ba su da ma'auni ɗaya na sanin wuta ta hau ko ta sauka.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ba shi da aiki sai jera ɗigon nan da kwance su. A takardun masu ƙera ta sunansa UART. Mu ce masa akawu. Ƙwaƙwalwa ta miƙa masa harafi ta ci gaba da sha'aninta, shi kuwa ya aika. In harafi ya zo ya karɓa ya ajiye mata. A kwamfuta kuma akwai wata taga inda duk abin da allon ya faɗa ya ke bayyana, a nan mai aiki ya ke ganin ko tanki ya cika bisa ga lissafin allon, ko umarni ya tsaya a wane layi. Ita za mu kira tagar zance. Mai koyon aikin nan ba shi da ido cikin allon sai ita.

Yanzu tambaya ita ce, ana iya ta da akawun nan daga ƙafafun da ya ke zaune a kai shi wasu? Amsa ta danganta ga irin allon da ke hannunka, gama ba duka aka yi su ɗaya ba.

Uno, wanda ya fito a 2010, ƙwaƙwalwarsa ATmega328P ce, akawunta ɗaya ne, a ƙafa ta 0 da ta 1 aka kafe shi tun a ma'aikata. Ba umarnin da zai gusar da shi. Kusa da ramin USB akwai wata ƙaramar ai-si mai yin tafinta tsakanin kwamfuta da ƙwaƙwalwa, ATmega16U2 a allon asali, CH340 a yawancin na kwaikwayo da mu ke samu a kasuwa. Tafintan nan ma a ƙafa ta 0 da ta 1 aka ɗaura shi, kuma ta wurinsa a ke loda umarni. A allon asali an sa rizisto mai om 1,000 a kan kowace wayarsa. Saboda haka in baƙo ya zo ya jona bakinsa kai tsaye a ƙafa ta 0, muryarsa ta fi ta tafinta ƙarfi, ƙwaƙwalwa ba ta jin kwamfuta sam. Abin da ya sami mutuminmu na Tudun Fulani ke nan. Da ya zare waya guda daga ƙafa ta 0 kafin ya loda, da kuɗin allo na biyu suna aljihunsa.

Amma zarewa da mayarwa kullum ba magani ba ne, gama ko an loda, duk abin da allon ya faɗa wa taga baƙo yana ji, ya ɗauka da shi a ke. Abin da ya fi shi ne a nema wa baƙo masauki dabam. Akwai wani tarin umarni da ya zo tare da Arduino, sunansa SoftwareSerial, wanda ya ke sa ƙwaƙwalwa ta yi aikin akawu da kanta a kan ƙafafun da ka zaɓa. A saman umarninka ka rubuta:

#include <SoftwareSerial.h>
SoftwareSerial bako(10, 11);

Lamba ta fari kunne ce, ta biyu baki. Ka rubuta bako haka ba lanƙwasa, domin gudun rigima da na'ura. Sa'an nan a wurin shiri ka buɗe duka biyu, Serial.begin(9600) domin taga, bako.begin(9600) domin baƙo. Bakin SIM800L ya zo ƙafa ta 10, kunnenta ya tafi ta 11. Ƙafa ta 0 da ta 1 kuwa a bar su wayam.

Sai dai a sani, wannan kamar makarantar da ba ta da mai buga ƙararrawa ce, babban malami ne ya ke barin aji ya fita ya buga. Sa'ad da ƙwaƙwalwa ta ke ƙirga ɗigon harafi ba ta iya kula da wani abu. Ba ta iya faɗa da ji a lokaci guda. In ka buɗe masauki biyu irin wannan, ɗaya kaɗai za ta saurara, abin da ɗayan ya faɗa ya bi iska. A 9,600 aikin ya kan tafi lafiya, in aka matsa sama ƙwarai sai haruffa su fara ɓacewa. A ganina, wanda aikinsa ya kai ga baƙi biyu, misali na'urar waya da ta GPS mai nuna wuri, ya daina wahal da Uno. Arduino Mega yana da akawu 4. Ban da na taga, akwai Serial1 a ƙafa ta 19 da 18, Serial2 a 17 da 16, Serial3 a 15 da 14, kunne ne na fari a kowanne. Leonardo da Uno R4 na 2023 kuwa an raba musu gida tun asali, taga tana bi ta USB, ƙafa ta 0 da ta 1 na Serial1 ne, sai a saukar da baƙo a nan ba fargaba.

Iri na biyu su ne allunan da akawunsu ya ke iya tashi, amma ba ko'ina ba. A nan misalin tasha ya dawo. A mararrabar jirgi akwai ƙarfen da a ke juyawa a sauya masa hanya, amma ba ya zuwa sai inda aka shimfiɗa dogo. Pico, wanda kamfanin Raspberry Pi na Kambirij a Ingila ya fitar a watan Janairu 2021, haka ya ke. Akawunsa biyu ne. Na farko yana zama a GP0 da GP1, ana iya kai shi GP12 da GP13, ko GP16 da GP17. Na biyu yana da GP4 da GP5, ko GP8 da GP9, ko GP20 da GP21. A nan baki ne na fari, a kula. Mai rubutu da MicroPython zai ce UART(1, 9600, tx=Pin(4), rx=Pin(5)). In ya nemi ya sa akawu na biyu a GP12, na'ura za ta ƙi, gama ba dogo a wajen. Wani tarko kuma, lambar GP dabam ta ke da lambar da za ka samu in ka ƙirga tsinkaye da yatsa. GP4 shi ne tsinke na 6, GP5 na 7. A bi zanen allon, kada a bi ƙirge.

ESP8266, na kamfanin Espressif da ke Shanghai a ƙasar Sin, wanda ya bazu daga 2014, shi zaɓi kaɗan gare shi. Akawunsa yana ƙafa ta 1 da ta 3. In ka rubuta Serial.swap() sai ya koma ta 15, baki, da ta 13, kunne. A allon NodeMCU su ne aka rubuta wa D8 da D7. In ka sake rubutawa ya komo gida.

Iri na uku shi ne ESP32 na kamfanin nan dai, wanda ya fito a 2016. Shi an yi masa wata babbar mararraba a ciki, kusan kowace ƙafa tana iya zama baki ko kunne. Akawunsa 3 ne. Layi guda ya isa:

Serial2.begin(9600, SERIAL_8N1, 25, 26);

Watau bod 9,600, ɗigo 8 da taragon gadi ɗaya, kunne a ƙafa ta 25, baki a ta 26. Shawarata kullum a rubuta lambobin nan biyu na ƙarshe, kada a bar wa na'ura ta zaɓa. Tsofaffin littattafai za su ce maka Serial2 yana 16 da 17, amma masu tsara umarnin sun sauya wannan a fitowa ta 3, a 2024. Wanda ya rubuta nasa ba ruwansa da sauyin.

Na ce kusan kowace ƙafa, ban ce kowace ba, kuma a nan ne allo mai sauƙi ya kan fi ba da wuya. Ƙafa ta 6 zuwa ta 11 suna ɗaure da rumbun da umarninka ya ke ajiye, wanda ya taɓa su allon zai yi ta faɗuwa yana tashi. Daga ta 34 zuwa ta 39 ji kaɗai su ke yi, sun isa kunne, ba su isa baki ba. A irin da a ke kira WROVER, ta 16 da ta 17 ma an riga an ba su wani aiki. Akwai kuma ƙafafun da ƙwaƙwalwa ta ke dubawa a daidai lokacin da wuta ta shigo, ta san yadda za ta tashi: ta 0, ta 2, ta 5, ta 12 da ta 15. Ta 12 ta fi su haɗari ga darasinmu. In ƙwaƙwalwa ta tarar da wuta a kanta lokacin tashi, sai ta ba rumbu bolt 1.8 maimakon 3.3, yawancin alluna kuwa ba su tashi a haka. To, ku tuna abin da muka faɗa a baya, bakin da ba ya magana cike ya ke da wuta. Ashe wanda ya mai da ƙafa ta 12 kunne ya jona mata bakin baƙo, ya shirya wa kansa allon da zai yi aiki muddin ba a kashe shi ba, ran da aka ɗauke wuta aka maido kuwa ya ƙi motsi. A garin da wuta ta ke zuwa ta ke tafiya, ba a daɗe ba a gane. Haka kuma ƙafa ta 15 ta ESP8266, lalle ta kasance ba wuta a kanta lokacin tashi.

Saura babbar magana, ita tagar zance kanta fa, a ta da ita? A ESP32 ana iyawa, layin da ya kai Serial2 wani wuri zai kai Serial. Amma ni ban ga amfaninsa ba sai da larura, ga dalili. Na ɗaya, tafintan USB da dalma aka like shi a ƙafa ta 1 da ta 3, ba ya bin umarni. In akawu ya ƙaura, taga ta yi shiru, sai ka sayi wani tafinta na hannu, irin CP2102, ka bi shi can. Na biyu, akwai wani ɗan umarni da aka gina cikin ƙwaƙwalwa tun a ma'aikata, shi ne ya ke fara tashi kafin naka, shi ne kuma mai karɓar lodi. Shi bai san ka ƙaura ba. Kullum a ƙafa ta 1 zai yi sallamarsa, a bod 115,200, ta ƙafa ta 3 kuma zai jira kwamfuta. Saboda haka baƙon da ka saukar a ƙafafun da ka ce ka bari zai sha surutun tashi kowace safiya, kuma zai tare hanyar lodi kamar yadda ya yi a Uno. In baƙon na'ura ce mai kunna famfo da ta ji wasu haruffa, kun ga abin ya wuce wasa. ESP8266 ma yana irin sallamar nan, yawanci a bod 74,880, shi ya sa a kan ga tarkacen rubutu a taga da an kunna shi. Ba ciwo ba ne.

Inda larurar ta ke gaskiya shi ne a ESP8266 ɗin nan, gama cikakken akawunsa ɗaya ne. Na biyun baki gare shi ba kunne, a ƙafa ta 2, D4 a NodeMCU. Dabarar ita ce a ba baƙo cikakken akawu ta hanyar Serial.swap(), a ƙafa ta 13 da ta 15, mai aiki kuwa ya riƙa sauraron allon ta Serial1 a ƙafa ta 2 da tafinta na hannu. Zai ji, ba zai iya mayar da magana ba, amma ga neman kuskure ji ya isa.

Ko an sami ƙafafun da suka dace, a duba ƙarfin wuta kafin a jona. Uno da Mega da bolt 5 su ke magana, Pico da ESP da 3.3, SIM800L kuwa wajen 2.8. Ƙaramin baki bai cuci babban kunne ba, amma babban baki yana iya kashe ƙaramin kunne. Magani rizisto biyu ne. Daga bakin Uno a sa mai om 2,200 zuwa kunnen SIM800L, daga kunnen kuma a sa mai 2,700 zuwa ƙasa, abin da zai isa kunnen bai kai bolt 2.8 cif ba. In ESP32 ne mai sauraro, 1,000 da 2,000 sun ba da 3.3. Abincin SIM800L ma dabam ne, tana son bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma sa'ad da ta ke neman layi ta kan fizgi har amfiya 2, abin da Uno ba shi da shi. A ba ta batirinta, a gama ƙasarsu. Tsofaffin na'urori masu rami mai tsinke 9 kuwa, irin RS-232 da aka tsara tun 1960, wutarsu tana iya kai bolt 15 sama ko ƙasa da sifiri, kuma a juye ta ke. Ba a jona su da allo sai ta hannun ai-si irin MAX232.

Bayan an sauya ƙafafu, kada a yi gaggawar kawo baƙo. A ɗauki guntun waya a gama sabon baki da sabon kunne, a sa allon ya aika kalma ta nan, ya nuna abin da ya ji a taga. In kalmar ta komo daidai, ƙafafu da bod sun yi. Gwajin nan na allunan da ke da akawu na gaske ne, ba zai yi da SoftwareSerial ba, tun da ya ke ba ta ji sa'ad da ta ke faɗa. Ga mai Uno, sai ya jona SIM800L ya aika mata haruffa biyu, AT, tare da alamar ƙarshen layi. In ta amsa OK an gama. In shiru, abu na fari da za a gwada shi ne a musanya wayoyin nan biyu, gama wasu masu ƙera na'ura su kan rubuta TX a inda su ke nufin a kawo TX.

Malamin da ke da allo ɗaya da yara 50 ba sai kowa ya taɓa shi ba kafin su gane. A sami tocila da ganga. Yaro ɗaya ya riƙa buga ganga a hankali, bugu ɗaya ɗigo ɗaya. Wani ya tsaya gaban aji da tocila a kunne, a ba shi harafi a asirce da lambarsa. Ya kashe ta na bugu ɗaya, sa'an nan bugu 8 yana kunnawa wurin ɗaya yana kashewa wurin sifiri, kana ya bar ta a kunne. Sauran su rubuta abin da suka gani su nemo harafin. In sun ƙware, a sa rabin aji su toshe kunne su yi ƙirgensu da sauri ninki biyu, a gwada amsarsu da ta sauran. Daga bisani a tsai da yaro na biyu da tasa tocilar kusa da na fari, kowa yana aika nasa harafin a lokaci guda, a tambayi aji wane harafi aka aiko.